Sepultura: Ta Wane Albam Ya Kamata Ka Shiga?

Sepultura, ƙungiyar ƙasar Burazil mai kiɗan hebi metal, wato kiɗa mai nauyi da ƙarar jitar lantarki, ta fitar da albam 15 na situdiyo tsakanin 1986 da 2020. Idan aka ɗora maka biyu daga cikinsu a jere, a ce Arise na 1991 da Roots na 1996, ba a faɗa maka masu kiɗan ba, da wuya ka yarda mutum huɗu ɗin nan ne dai suka yi duka biyun. Shekara biyar kacal ke tsakani, amma gudun ya canja, ɗaurin tsirkiyar jita ya canja, har yadda mawaƙin ke fitar da murya ya canja. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke shiga ta ƙofar da ba tasu ba, su ji albam ɗaya bai yi musu ba, su yanke hukunci a kan sauran 14.

Kafin a shiga kwatance, akwai abu ɗaya da zai sauƙaƙa maka komai: ka sa kunnenka a kan ganga. A mafi yawan kiɗan hebi metal jita ce ke jan ragama, ganga na biye. A Sepultura kuwa, duk wani sauyin salo da suka yi, daga hannun mai ganga ya fara. Inda kiɗan Burazil ya shiga cikin bugun gangar kansa, haɗin ya kama ya zama jiki ɗaya. Inda aka ɗauko shi aka liƙa a gefe a matsayin ado, kunne yana jin wurin ɗinkin. Da wannan ma'auni za mu auna albam ɗin.

Su wane ne

'Yan'uwa biyu ne suka kafa ƙungiyar a birnin Belo Horizonte a 1984, Max Cavalera mai waƙa da jita, da ƙanensa Igor mai ganga, dukansu ba su kai shekara 16 ba a lokacin, kuma ƙasar na ƙarshen mulkin soja. Sunan na nufin kabari da harshen Fotugis. Paulo Jr. ya shigo a kan bes, jita mai zurfin amo, sannan a 1987 Andreas Kisser ya zo daga yankin Sao Paulo ya karɓi babbar jita. Waɗannan huɗun ne suka riƙe ƙungiyar har ƙarshen 1996, lokacin da Max ya fita. Ba'amurke Derrick Green daga Cleveland ya gaje shi a waƙa, Igor ma ya bar ƙungiyar a 2006. Don haka zamani biyu ne: na Max, albam shida, da na Derrick, albam tara.

Na farkon farko, a taƙaice

Bestial Devastation na 1985, wanda gajeren faifai ne da suka raba da ƙungiyar Overdose, da Morbid Visions na 1986, kamfanin Cogumelo na garinsu ne ya fitar da su. Kiɗan yara ne masu zafin kai da kayan aiki marasa kyau. A Morbid Visions jitocin ba su ma daidaita da juna ba, kuma Max da kansa ya amsa cewa ba su kula da ɗaura tsirkiya yadda ya kamata ba a lokacin ɗauka. Baitukan da zanen bangon cike suke da zancen shaiɗan da ɓatanci ga addinin Kirista, irin abin da samarin wannan salo ke kwaikwaya daga ƙungiyoyin Turai a wancan lokaci. Wanda wannan zai dame shi, ya tsallake su gaba ɗaya, bai yi asarar komai na haɗa salo ba, domin babu shi a ciki. Daga Schizophrenia na 1987 suka bar wannan jigo suka koma zancen yaƙi, tsoro, zalunci da halin ɗan Adam. Schizophrenia ne kuma wurin da hannun Andreas ya fara bayyana, musamman a doguwar "Inquisition Symphony" wadda babu waƙa a cikinta, kiɗa ne zalla na sama da minti bakwai.

Beneath the Remains da Arise: ga mai son gudu

Waɗannan biyun tagwaye ne, kowanne waƙa tara, kowanne kimanin minti 42, kuma furodusa ɗaya ne, Scott Burns. Salonsu tirash ne, wato metal na gudu, an gauraya shi da nauyin det metal, wani reshen metal mai gurnanin murya. Jita na kan ɗaurin da aka saba, tsirkiya mafi kauri na kan sautin E. Abin da ke riƙe waƙa shi ne rif, gajeren take da jita ke maimaitawa, kuma a nan waƙa ɗaya kan ɗauki rif biyar ko shida, ana sauyawa kafin kunne ya gama sabawa da na baya.

Bambancinsu a ɗauka yake. Beneath the Remains an ɗauke shi a situdiyon Nas Nuvens da ke Rio de Janeiro a Disambar 1988, da kuɗi kaɗan, da daddare saboda lokacin ya fi arha. Shi ne na farko da suka yi wa kamfanin Roadrunner, ya fito a 1989. Sautinsa busasshe ne, jitar na da kaifi, gangar ba ta da jiki sosai. Amma yunwar da ke cikinsa babu ita a wani albam nasu. "Inner Self" ita ce ta fi sauƙin kamawa don tana tafiya a matsakaicin gudu kafin ta ɓalle, "Mass Hypnosis" kuwa tana nuna yadda Max da Andreas ke kulle jitocinsu wuri ɗaya kamar hannu ɗaya ke bugawa.

Arise an ɗauke shi a Morrisound da ke Tampa a jihar Fulorida, Andy Wallace ya haɗa sautin. Komai ya fi fitowa fili: takun ƙafa biyu a kan babbar ganga ana jin kowane ɗaya daban, solon Andreas, wato inda jitarsa ke fitowa gaba ita kaɗai, ya sami sarari. "Dead Embryonic Cells" na da wani wuri a tsakiya inda gudun ke tsayawa cak a koma wani take mai nauyi a hankali, kuma wannan ɗan wurin shi ne irin da ya tsiro ya zama albam na gaba. Haka ma buɗewar "Altered State", inda aka sa kiɗan ganguna irin na gargajiya na 'yan daƙiƙu kafin jita ta shigo. A nan har yanzu ado ne, ƙofar gida ce kawai aka yi wa zane, cikin gidan tirash ne tsantsa.

Idan ɗaya za ka ɗauka cikin biyun, ka ɗauki Arise in kana son sauti mai tsabta da waƙoƙi da aka tsara da kyau, ka ɗauki Beneath the Remains in zafi ka fi so a kan gyara. Matsalar da sabon kunne ke samu da su ɗaya ce: bayan waƙa huɗu ko biyar komai ya fara kama da juna. Dalili kuwa gudun bai cika sauka ba, muryar Max kuma ƙaraji ce a layi ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka. Maganinsa shi ne kada ka ji albam ɗin gaba ɗaya a zama na farko. Ka ji waƙa uku na farkon Arise, ka maimaita su har ka iya gane inda rif ke canjawa, sannan ka ci gaba.

Wani abin lura ga mai bin sunayen makaɗa: duk da sunan Paulo na kan bangon waɗannan albam, Andreas ne ya buga bes a situdiyo. Paulo ya fara ɗauka ne daga Chaos A.D.

Chaos A.D.: inda haɗin ya kama

Wannan ne muke ba mafi yawan mutane shawarar su fara da shi, kuma dalilan suna da yawa. Ya fito a 1993, waƙa 12, kimanin minti 47. An ɗauke shi a situdiyon Rockfield da ke Wales, Andy Wallace ne furodusa kuma shi ya haɗa sauti. Abu uku suka canja lokaci ɗaya.

Na farko, sun sassauta tsirkiya da mataki ɗaya cikakke, daga E zuwa D, jitar ta yi kauri. Na biyu, sun rage gudu kuma sun rage yawan rif. Maimakon shida a waƙa, sai biyu ko uku, amma ana barin kowanne ya zauna har ya shiga jiki. Wannan darasi ne da suka ɗauko daga kiɗan hadko na Amurka da Ingila, mai gajerun waƙoƙi da saƙo kai tsaye, da kuma kiɗan indastiriyal mai maimaita abu ɗaya kamar injin masaƙa. Na uku, kuma shi ne babba, Igor ya sauke hannunsa daga faya-fayan tagulla da ake dukawa tare da ganguna ya koma kan gangunan tsakiya masu amo mai zurfi. A tirash, hannun dama kan tsaya a kan faifan tagulla yana ƙirga lokaci. A nan gangunan tsakiya ne ke ƙirga lokacin, da irin jujjuyawar kiɗan titi na Burazil, jita kuma ta koma tana amsa musu.

Ka saurari daƙiƙun farko na "Refuse/Resist". Bugun zuciyar ɗan Max ne, Zyon, tun yana ciki, sai ganguna su ɗauka da salon masu kiɗan bikin titi, sai jita ta faɗo a kan wannan bugun ba tare da ta ture shi ba. "Territory" ma da ganga kaɗai take buɗewa, kuma wannan buɗewar ta zama abin da masu koyon ganga a wannan fanni ke gwada hannunsu da ita. Duk wanda kunnensa ya saba da kiɗan da ganga ke magana a cikinsa, ba rakiya kawai take yi ba, zai sami wurin kamawa a nan tun a sauraro na farko, ko da bai taɓa jin metal ba.

"Kaiowas" daban take. Babu lantarki a cikinta, babu waƙa, jitoci biyu ne na katako da ganguna, an ɗauke ta a cikin kangon tsohuwar fadar Chepstow kusa da situdiyon. Sun yi ta ne don al'ummar Guarani-Kaiowá, 'yan asalin Burazil da aka raba da ƙasarsu har kisan kai ya yawaita a cikinsu. An sa ta a wuri na biyar, daidai inda kunne ke neman hutu, kuma wannan jeri na daga cikin abin da ya sa albam ɗin ba ya gajiyarwa.

Baitukan ma sun sauko ƙasa sun taɓa abin da ke faruwa. "Manifest" an gina ta kamar rahoton rediyo a kan kisan da 'yan sanda suka yi a gidan yarin Carandiru na Sao Paulo a Oktobar 1992, inda fursunoni 111 suka mutu. "Biotech Is Godzilla" ba ta kai minti biyu ba, hadko ce zalla, mawaƙi Ba'amurke Jello Biafra ne ya rubuta baitukanta. Bidiyon "Territory" a Isra'ila da Falasɗinu aka ɗauke shi.

Albam ɗin na da rauninsa. Rabin farko ya fi rabin ƙarshe ƙarfi nesa ba kusa ba. "The Hunt", wadda aro ce daga ƙungiyar New Model Army, ba ta zauna sosai a cikin sauran ba, domin muryar Max ba ta dace da waƙar da ke buƙatar rerawa ba. Masu son gudun Arise kuma sukan ce an yi musu rowa, kuma gaskiya ne, gudun ya ragu ƙwarai. Amma a cikin albam 15 ɗin, babu wanda nauyi, tsabtar sauti, gajarta da kiɗan gida suka daidaita a cikinsa kamar wannan. Ya kai matsayi na 32 a jerin albam mafi kasuwa na Billboard a Amurka da na 11 a Birtaniya, abin da ƙungiyar metal daga Kudancin Amurka ba ta taɓa yi ba kafin nan.

Roots: mafi shahara, kuma mafi wuyar sha'ani

Shi ne albam ɗin da aka fi sani, ya fito a Fabrairun 1996, ya kai na 4 a Birtaniya da na 27 a Amurka. Shi ne kuma wanda ya fi raba kan masoya ƙungiyar har gobe. An ɗauke shi a Indigo Ranch da ke Malibu tare da Ross Robinson, furodusan da ya yi albam ɗin farko na ƙungiyar Korn a wannan situdiyo a 1994. Hanyar Robinson ita ce a kama zafin lokacin, ko da an yi kuskure, a kan tsofaffin na'urori. A nan ma Andy Wallace ne ya haɗa sautin.

A nan an ƙara sassauta tsirkiya, a wasu waƙoƙin har zuwa B, kamar a "Roots Bloody Roots". Rif ya koma sauti ɗaya ko biyu da ake dukawa kamar ganga. Solon Andreas ya kusa ɓacewa, maimakonsa sai ƙara da shewa da yake fitarwa daga jitar. Muryar Max ta bar ƙaraji mai tsari ta koma kururuwa mai tsagewa.

Abin da ya ba albam ɗin suna shi ne baƙin da aka gayyato. Carlinhos Brown, makaɗi daga birnin Salvador na jihar Bahia wanda ya kafa ƙungiyar ganguna ta Timbalada, ya zo da kayan kiɗansa. Bahia ita ce jihar da aka fi jibge bayi daga Afirka ta Yamma a ƙarshen cinikin, har da Hausawa waɗanda suka shirya tawaye a can a 1807, ko da yake kiɗan gangunan da ya rayu a wurin ya fi ɗaukowa daga Yarabawa, Fon da mutanen Angola. A "Ratamahatta" Brown da Max suna jifan juna da kalmomi cikin Fotugis a kan tarin ganguna, jita na shigowa ne kawai ta ƙara nauyi. Wannan waƙa ita ce ƙololuwar haɗin salo a duk tarihin ƙungiyar, domin idan ka cire gangunan Bahia daga cikinta babu abin da zai rage. "Attitude" na buɗewa da berimbau, baka ne mai tsirkiyar waya ɗaya da duma a gindinsa, ana dukan tsirkiyar da siririn tsinke, ana danna ta da dutse ko kwabo don a canja sauti. Max ne ya buga shi, kuma rif ɗin jita da ya biyo baya yana kwaikwayon jujjuyawar bakan.

Sai "Itsári", wadda suka je har ƙauyen al'ummar Xavante a jihar Mato Grosso a ƙarshen 1995 suka ɗauka. Waƙar gargajiya ce ta mutanen, da muryoyinsu da takun ƙafarsu, ƙungiyar ta bi su da jitar katako da ganguna. Tana da kyau ƙwarai, kuma zuwan da suka yi da kansu maimakon su ɗebo muryoyi daga wani tsohon faifai abin girmamawa ne. Sai dai bisa ma'aunin da muka ɗauka, wannan zama ne gefe da gefe, ba narkewa ba. Ba a ce laifi ba ne, amma mai neman jin metal da kiɗan Xavante sun zama abu ɗaya ba zai same shi ba.

Ga inda matsala take. Albam ɗin waƙa 16 ne, kimanin minti 72, kuma minti 13 na ƙarshe, "Canyon Jam", buge-bugen ganguna ne a fili ba tare da tsari ba. Tsakanin waƙoƙin da suka yi fice akwai wasu da aka gina a kan dabara ɗaya: rif mai sauti ɗaya, kururuwa, ƙarar jita, a sake. "Lookaway", wadda baƙi daga wasu ƙungiyoyi, Mike Patton, Jonathan Davis da DJ Lethal, suka shiga, tana jan ƙafa kuma ta fi kama da kiɗan baƙin fiye da na masu gida. Wanda ya fara da Roots a zama ɗaya yakan gaji tun kafin rabi.

Hanyar da ta fi ita ce ka tace shi da kanka. Ka jera "Roots Bloody Roots", "Attitude", "Cut-Throat", "Ratamahatta", "Breed Apart", "Spit", "Jasco", "Itsári", "Ambush" da "Dictatorshit". Waƙa goma ke nan, ƙasa da minti 40. "Ambush" a kan Chico Mendes take, ɗan gwagwarmayar kare dajin Amazon da aka kashe a 1988, kuma tana da wani wuri a tsakiya da lantarki ke yin shiru ganguna su karɓe fage. "Dictatorshit" kuwa minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ce a kan juyin mulkin soja na 1964. A wannan tsari Roots na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Chaos A.D.

Akwai kuma matsalar na'ura, wadda ta fi shafar wannan albam. Tsirkiyar E tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, D sau 73, B kuwa sau 62. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka, sai ta bar ka da tsatsar sama kawai. Arise na iya tsira a lasifikar waya don ƙarfinsa na cikin kaifi ne, amma Roots yakan koma hayaniya mara kai. Mutane da yawa da suka ce ba su ji komai a cikinsa ba, a waya suka ji shi. Ka sa abin sauraro na kunne mai toshe kunnen sosai ko lasifika mai babban baki. Idan saukewa za ka yi, ƙaramin inganci na kilobit 128 na cin kusan megabait ɗaya a minti, babba na 320 na cin kusan biyu da rabi, wato Roots gaba ɗaya zai kama wajen megabait 70 ko 170. A ƙaramin, faya-fayan tagulla da ƙananan kayan kaɗawa ne ke fara lalacewa, su koma kamar ana zuba yashi a kwano, kuma a Roots waɗannan ƙananan kayan su ne rabin daɗin.

Rabuwa, da abin da ya biyo baya

A Agustan 1996 Dana Wells, ɗan matar Max, ya rasu a haɗarin mota, ƙungiyar ta yi wasanta a bikin kiɗa na Donington a Ingila da mutum uku, ba Max. Bayan wasan Brixton Academy a Landan ranar 16 ga Disamba na wannan shekara, sauran ukun suka nemi a sauya manaja, wadda ita ce Gloria matar Max, shi kuwa ya zaɓi fita. Ya kafa ƙungiyar Soulfly, kuma albam ɗinsu na farko na 1998 shi ne ci gaban Roots na kai tsaye. Wanda Roots ya kama shi, can ya kamata ya nufa kafin ya nemi wani albam na Sepultura.

Albam ɗin farko na zamanin Derrick Green ba wurin farawa ba ne. Against na 1998 an rubuta mafi yawansa kafin ya iso, don haka muryarsa na zaune a kan kiɗan da ba a auna da ita ba. Abin nema a cikinsa shi ne "Kamaitachi", da suka yi da makaɗan Kodo na Jafan masu manyan ganguna. Nation na 2001 ya yi tsawo ya watse. Roorback na 2003 ya fi shi tsari. Dante XXI na 2006, na ƙarshe da Igor ya buga, shi ne mafi kyau a wannan tsakani: bai kai minti 40 ba, kuma ƙahonni da manyan goge na Turai da aka sa a ciki suna aiki a cikin waƙoƙin, ba ado ba ne. A-Lex na 2009 da Kairos na 2011 Jean Dolabella ne a kan ganga, na biyun ya fi komawa tirash kai tsaye.

Abu ya sake tashi ne da zuwan Eloy Casagrande a ƙarshen 2011, yana ɗan shekara 20. Ka ga dai, daga ganga sauyin ya sake farawa. Eloy na da ƙarfin duka da saurin da tirash ke so, kuma ya san kiɗan gida na Burazil a hannu, yana iya saka bugun da ke karkacewa daga ƙirga a cikin gudu ba tare da waƙar ta yi tuntuɓe ba. Albam ɗinsa na farko da su, na 2013 mai dogon suna da ake taƙaitawa da The Mediator, Ross Robinson ne ya yi shi, kuma sautin ya cushe har yana ɓoye aikin gangar. Biyun da suka biyo baya, waɗanda Jens Bogren ya ɗauka a situdiyon Fascination Street a Suwidin, su ne abin nema.

Machine Messiah ko Quadra

Machine Messiah na 2017 waƙa goma ne. Yana buɗewa da waƙa mai tafiya a hankali inda Derrick ke rerawa da murya mai zurfi, abin da Max bai taɓa iyawa ba, kuma wannan ne babban abin da zamanin Derrick ya ƙara wa ƙungiyar. "Phantom Self" ta haɗa bugun arewa maso gabashin Burazil da gogen makaɗan Tunisiya, gogen na musayar jimla da jitar Andreas. "Iceberg Dances" kiɗa ne zalla da ke ratsa salo uku ko huɗu.

Quadra na Fabrairun 2020 waƙa 12 ne, kimanin minti 51, an raba shi kashi huɗu, kowane kashi waƙa uku. Kashin farko tirash ne irin na Arise, da "Isolation" a gaba. Na biyu nauyi ne da ganguna irin na Chaos A.D. da Roots, a nan "Capital Enslavement" take da "Ali", wadda aka yi a kan ɗan dambe Muhammad Ali. Na uku ya fi sarƙaƙiya, da jitar katako da rukunin mawaƙa a "Guardians of Earth". Na huɗu ya sauko da rerawa, ya rufe da waƙar da Emmily Barreto ta shiga da muryar mace. Saboda wannan tsari, Quadra na da wani amfani da babu wani albam nasu da ke da shi: ma'auni ne. Ka ji shi sau biyu, ka lura da kashin da ka fi komawa. In na farko ne, nufi Arise. In na biyu ne, Chaos A.D. In na uku ko na huɗu ne, Machine Messiah da Dante XXI.

Abin da za a iya riƙe wa Quadra shi ne tsabtarsa ta yi yawa. Komai na wurinsa, babu ƙura, kuma wanda ya saba da zafin ɗaukar 1989 zai ji kamar an goge wani abu. Amma ga kunnen da ya taso da sautin zamani, shi ne mafi sauƙin shiga bayan Chaos A.D., kuma solon Andreas a cikinsa sun kai na kowane zamani nasa. Shi ne cikakken albam na ƙarshe kafin su sanar da rangadin bankwana a Disambar 2023. Eloy ya tafi ƙungiyar Slipknot a farkon 2024, Greyson Nekrutman ya karɓi ganga.

Kurakuran da ake yi wajen nema

Sunaye na ruɗarwa. Blood-Rooted na 1997 ba Roots ba ne, tarin waƙoƙin aro ne da ragowar ɗauka da na dandali. The Roots of Sepultura kuwa faifai biyu ne, Roots ɗin kansa da wani na tsofaffin ɗauka. Under a Pale Grey Sky na 2002 shi ne wasan Brixton na ƙarshe da Max, yana da kyau ga wanda ya riga ya san waƙoƙin, amma ba wurin koyonsu ba ne.

Arise na da wani bugu da aka fitar a Burazil a farkon 1991, gab da wasansu a bikin Rock in Rio na biyu, da haɗin sauti na wucin gadi kafin Andy Wallace ya gama nasa. Idan ka ji Arise ɗinka ya yi duhu, gangar ta nutse, ka duba ko wannan ne. Bugun da aka faɗaɗa aka sake fitarwa daga baya kuma na zuwa da waƙoƙi kusan 30 ko fiye, yawancinsu gwaji ne da na dandali. Ka tsaya a waƙa ta tara a Arise da Beneath the Remains, ta 12 a Chaos A.D., ka bar sauran sai daga baya.

Na ƙarshe, Max da Igor sun sake ɗaukar Bestial Devastation da Morbid Visions a 2023, da Schizophrenia a 2024, a ƙarƙashin sunan Cavalera. Sunayen albam ɗin ɗaya ne da na asali, waƙoƙin ma haka, amma zanen bango da mai babbar jita daban ne. Sabon ɗaukar ya gyara matsalar ɗaurin tsirkiya kuma ana jin kowane rif. Ga Schizophrenia, ka nemi na asali na 1987 idan hannun Andreas kake son ji, domin ba ya cikin sabon.